Matakan Neman Karatun Likitanci a Waje da Kuɗi Kaɗan

Da farko, ɗan'uwa, kafin ka ba wani dillali a Agege ko kwabo, tabbatar hukumar MDCN, mai ba likitoci lasisin aiki a Nijeriya, ta amince da jami'ar da kake nema. Wannan shi ne jigo, domin idan ka dawo sai ka ci jarrabawar hukumar kafin ka taɓa majinyaci.

Sannan kwatanta Masar, Rasha da Jojiya. Lissafa kuɗin dukan shekarun karatun da dala, har da haya da abinci, tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Tabbatar da sakamakonka a ofishin WAEC na Yaba, nemi fasfo a Ikoyi ko Alausa, duk a Legas, sai ka kai takardunka Abuja, ma'aikatun Ilimi da Harkokin Waje su buga musu hatimi.

Kuɗin makaranta kuwa, asusun jami'a kaɗai za ka tura.