Yadda Za Ka Shirya Garkenka Ranar Rigakafin Ciwon Huhu

Idan ƙungiyar makiyaya ta reshen Daura ta sanar da zuwan malaman dabbobi, fara da zuwa wurin Arɗo ka ba da sunanka da yawan shanunka. Faɗi adadin na gaskiya, domin da shi ake lissafin maganin da za a kawo.

Daren jajibere ka tattaro garken, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke tari, ko numfashi da kyar, ko ta miƙe wuya tana nishi, ware ta gefe ka nuna wa likita. Rigakafi na lafiyayyu ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Sabon sayen da ka kawo daga kasuwar Mai'aduwa ma kada ka haɗa shi da sauran tukuna, tun da ta hanyar numfashi cutar take yaɗuwa.

Ku isa da sassafe, da igiya da samari masu kamu. Maganin a cikin ƙanƙara yake zuwa, zafin rana na kashe ƙarfinsa, shi ya sa jinkiri asara ne.

Bayan allurar, riƙa duba wurin da aka yi ta har wata guda. In kumburi na ƙaruwa, kira likita, kada ka sa wuƙa. Baɗi a maimaita.