Yadda Baƙo Zai Kalli Wasan Ƙaramar Gasa Ya Kuma Ɗauki Hotunansa

Wasannin rukuni na biyu a Najeriya, wato gasar NNL, da na rukuni na uku da ake kira NLO, ba kasafai ake nuna su a talabijin ba, kuma sau da yawa ana tashi daga fili ba tare da an samu hoto ko ɗaya mai kyau da za a ajiye ba. Alhali a rukuni na biyun ne Kano Pillars da Katsina United suka yi wasa bayan sun faɗo daga gasar Firimiya a 2022, kafin su koma a 2023. Mutumin da ya je kallo ba ya goyon bayan kowane ɓangare yana da wata dama da magoya baya ba su da ita, domin zuciyarsa ba ta bugawa saboda sakamako, idonsa kuma yana iya tsayawa a kan abin da wasu ba su lura da shi ba. Hoton da ya ɗauka a wannan yammacin yana iya zama shi kaɗai ne shaidar cewa wani matashi ya taɓa sa rigar ƙungiyar garinsu.

Kafin ka bar gida, ka tabbatar da ranar wasan da filin da za a yi shi ta shafin ƙungiyar da ke gida a Facebook, saboda a ƙananan gasanni ana yawan ɗage wasa ko a sauya masa fili. Galibi ana take leda da ƙarfe huɗu na yamma, don haka ya kamata ka isa da sa'a guda kafin nan, ka kuma tsara inda za ka yi sallar La'asar. Kada ka sa rigar da launinta ya yi kama da na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu.

Da isarka, ka nemi jami'in yaɗa labarai na masu masaukin baƙi, ka gaishe shi, ka faɗa masa ko kai wane ne da abin da za ka yi da hotunan. Tikitin shiga ya ba ka damar zama a rumfar 'yan kallo ne kawai. Tsayawa a bakin fili sai da izini, kuma kwamishinan wasa yana da ikon mayar da kai rumfa. A ganina wannan gaisuwar ta fi kowace kyamara muhimmanci, domin baƙon da aka san da zuwansa shi ne ake buɗe wa ƙofa, shi ne kuma ake ba shi takardar sunayen 'yan wasa da lambobin rigunansu.

Batun haske shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ka tsaya ta yadda rana za ta kasance a bayanka, wato ta ɓangaren yamma, ta haskaka fuskokin 'yan wasa maimakon ta shiga gilashin kyamararka ta mayar da su baƙin inuwa. Idan an ba ka izinin sauka, wurin da ya fi shi ne bayan layin raga, tsakanin raga da tutar kusurwa, inda masu kai hari za su riƙa tahowa suna fuskantarka. Ka zauna ƙasa ko a kan ƙaramar kujera, domin hoton da aka ɗauka daga ƙasa yana fitar da tsalle da ƙarfin ɗan wasa, kuma ba za ka tare wa na bayanka kallo ba. Ka nisanci layin da mataimakin alƙalin wasa yake gudu a kansa. Mai babbar kyamara ya sa saurin ɗauka a kan 1/1000 na daƙiƙa don gudu da ƙwallo su tsaya cak, sannan bayan hutun rabin lokaci, yayin da rana take yin ƙasa, ya riƙa ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na karɓar haske, sannu a hankali maimakon ya rage saurin. Gilashi mai tsawon milimita 70 zuwa 200 ya wadatar ga rabin filin da ke kusa da kai. Abin da ya faru a ɗaya ragar, mai nisan kusan mita 100, ka bar shi ka kalla da ido. Kada ka kunna filasha ko kaɗan. A lokacin hunturu ƙura tana dusashe launi tana kuma shiga cikin kyamara, saboda haka ka guji cire gilashi a fili, ka riƙe ƙyalle mai laushi na gogewa.

Mai waya ma bai rasa rabonsa ba, muddin bai dage kan jawo abin da yake nesa ba. Ya jira bugun kusurwa ko bugun tazara a kusa da shi, ya danne maɓalli ya ɗauki hotuna a jere, daga baya ya zaɓi guda.

Idan aka ci ƙwallo, kada ka sauke kyamara, domin daƙiƙu goman da ke biyo baya su ne suke ɗauke da murna da takaici: mai tsaron raga a durƙushe, koci yana ɗaga hannu, masu kalangu da ganga sun miƙe a rumfa. Ka juya ka ɗauki allon sakamako, da yaran da ke tsinto ƙwallo, da mai sayar da rake a bakin ƙofa, amma ka nemi yardar duk wanda za ka ɗauka kusa da kusa, musamman mata da ƙananan yara. Kada ka yi murna ko tsaki, kada kuma ka sa baki a gardamar hukuncin alƙalin wasa. Idan ka ga rai ya fara ɓaci a rumfa, ka mayar da kyamara jaka, ka matsa kusa da ƙofa ko inda jami'an tsaro suke.

A daren ranar, tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwarka, ka zaɓi hotuna ashirin ko talatin, ka rubuta wa kowanne kwanan wata da sunan fili da ƙungiyoyin biyu da sakamako, ka duba takardar sunayen nan ka haɗa kowace lamba da mai ita. Sannan ka aika wa jami'an ƙungiyoyin biyu, da wadda ta yi nasara da wadda aka doke, tare da roƙon su ambaci sunanka idan sun wallafa.