Bekin soda kafin tseren keke: nawa ake sha, yaushe, kuma yaya ciki zai ɗauka

Farin garin nan da masu yin kek suka sani da bekin soda, wanda masana ke kira sodiyam bayikabonet, yana cikin abubuwa biyar da Kwamitin Olimfik na Duniya ya ce a 2018 akwai hujja mai ƙarfi cewa suna ƙara wa ɗan wasa ƙwazo. Sauran su ne kafeyin, kiriyatin, naitiret da beta-alanin. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba ta haramta shi ba. Ribarsa kaɗan ce, wajen kashi 2 cikin 100 a gajeren gudu mai tsanani, amma a tseren da tazarar rabin taya ke raba na ɗaya da na biyu, wannan ba abin rainawa ba ne. Wahalar duka a ciki take. Wanda ya sha shi ba bisa ƙa'ida ba, a banɗaki zai ƙare tserensa.

Idan ɗan tsere ya taka feda iya ƙarfinsa, tsoka tana ƙona sukari da sauri fiye da yadda iskar da yake shaƙa za ta wadatar, sai asid ya taru a cikinta, ƙafa ta yi nauyi. Jini yana da nasa bayikabonet, wajen milimol 24 (ma'aunin yawan sinadari ne) a kowace lita, wanda ke kashe kaifin asid ɗin. Shan bekin soda yana ƙara wannan adadi, ana kuma neman ƙarin milimol 5 zuwa 6. Shi garin ba ya shiga tsoka. A jini yake zama, ya sa asid ya riƙa fitowa daga tsoka da sauri, sai mutum ya ɗan ƙara jurewa kafin ƙafa ta ƙi.

Shi ya sa ba kowane tsere yake yi wa amfani ba. Ya fi aiki a ƙoƙari mai tsanani na daƙiƙa 30 zuwa minti 12: tseren kilomita ɗaya da na kilomita 4 a filin zagaye, gajeren tseren agogo (inda ake auna lokacin kowa shi kaɗai) da ake buɗe manyan gasa da shi, gajeren hawan tudu mai wuya, da yawan zabura don tsere wa abokan gasa. A doguwar tafiya ta awa huɗu a gudu matsakaici ba abin da zai ƙara maka, sai fa a rugawar ƙarshe.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce giram 0.3 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 zai sha giram 18, mai kilo 70 giram 21. Giram 0.2 ma yana aiki ga mutane da yawa, kuma da shi ya kamata sabon shiga ya fara. Wuce 0.3 ba ya ƙara gudu, ciwon ciki kawai yake ƙarawa. A auna da ƙaramin sikeli mai nuna giram. Cokalin shayi a shafe yana ɗaukar kusan giram 5, amma cokula sun bambanta, kuma kuskuren cokali ɗaya a nan babba ne.

A lura da abin da aka saya. Bekin foda daban ne, an gauraya shi da asid da sitaci, ba zai yi wannan aiki ba. Kanwa kuma, duk da tana da dangantaka da shi, cakuɗe take da sodiyam kabonet mai kaifi da ƙasa da wasu gishirai, ba wanda zai iya sanin adadin da ya sha. Kada a musanya.

Lokacin sha kuwa tsakanin awa ɗaya ne zuwa uku kafin a fara, kuma nan mutane suka sha bamban: wani jininsa kan kai ƙololuwa a awa ɗaya, wani sai ya haura biyu. Damuwar ciki ta fi tsanani wajen minti 90 bayan sha, don haka mai raunin ciki gara ya sha da saura awa biyu da rabi ko uku, guguwar ta wuce kafin a busa usur.

Ga dalilin damuwar. Da garin ya haɗu da asid ɗin tumbi sai ya saki iska, giram ɗaya kan iya ba da sama da kwatan lita. Daga nan kumburi da gyatsa da tashin zuciya suke. Wanda ya wuce hanji da yawa lokaci guda kuma yana janyo ruwa, sai gudawa. Maganin biyun shi ne kada a afka shi gaba ɗaya. A raba kashi uku ko huɗu, a sha cikin minti 30 zuwa 60, kowane kashi da ruwa, jimilla wajen mililita 10 ga kowane kilo, wato mililita 700 ga mai kilo 70. A haɗa da abinci mai sitaci maras maiƙo, kamar shinkafa, burodi ko ayaba, kimanin giram 1.5 na sitaci ga kowane kilo. Abincin ya zama madaidaici. Shan bekin soda a kan tumbin da aka cika dam haɗari ne, don an samu waɗanda tumbinsu ya fashe ta haka, ko da yake ba kasafai ba.

Narka shi a ruwa ya fi araha, ya kuma fi muni a baki da ciki. Ɗura shi a kafso ya fi sauƙin sha, sai dai mutum zai haɗiye wajen guda ashirin. Kafso mai rufin da ba ya narkewa sai a hanji ya fi rage kumburi, amma yana jinkirta aiki, don haka a sha shi da wuri fiye da sauran. Kamfanin Maurten na Suwidin ya fito da nasa a 2023, ƙananan ƙwayoyi cikin wani kunu mai kauri, manyan ƙungiyoyin tsere na Turai suka rungume shi. Sinadarin ɗaya ne, kuɗin na sauƙin ciki ne. Akwai kuma hanyar kwanaki: giram 0.4 zuwa 0.5 ga kowane kilo a rana, a raba tare da abincin safe, rana da dare, na kwana 3 zuwa 7 kafin gasa.

Sama da kwata na nauyin garin sodiyam ne, sinadarin nan da ke cikin gishiri. Giram 21 na ɗauke da kusan giram 5.7, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 2 na sodiyam a rana. Jiki zai riƙe ruwa, nauyi ya ɗan ƙaru, abin da mai hawan dogon tsauni zai sa a lissafi. Mai hawan jini, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya, mai juna biyu, yaro, da mai shan maganin sa fitsari, duk ba nasu ba ne. Mai shan wani magani kullum ya tambayi likita tukuna, don yana canza yadda jiki ke karɓar wasu magunguna.

Kada ranar gasa ta zama ranar gwaji. A gwada sau biyu ko uku a atisaye mai kama da tseren, misali gudun minti huɗu sau huɗu, a fara da 0.2. A rubuta adadi, lokacin sha, abin da aka ci, yadda ciki ya yi da ƙarfin da aka fitar, a kwatanta da atisaye iri ɗaya da aka yi ba tare da shi ba. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Idan an rage adadi, an raba, an matsar da lokaci, ciki bai daina murɗawa ba, a bar shi.