Yadda ake gwada ƙarfin na'urar ELT ta jirgin sama

Ɗalibai a kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya sun sha tambayata yadda ake auna ƙarfin na'urar nan mai aika kiran neman ceto idan jirgi ya faɗi, wato ELT. Ga matakan.

1. Karanta littafin kamfanin da ya ƙera na'urar.
2. Sanar da hasumiyar kula da jirage.
3. Maida makunnin na'urar kan OFF.
4. Kwance wayar eriya.
5. Haɗa na'urar da ma'auni ta waya mai om 50, da abin rage ƙarfi a tsakani. Ƙarfin wat 5 da na'urar ke fitarwa na iya ƙona ma'aunin idan ya shiga kai tsaye.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. Kada ka kunna na'urar da eriya a jikinta. Siginarta ta 406 MHz kan taurarin ɗan Adam na Cospas-Sarsat, masu karɓar kiran neman ceto, take hawa, sai ka tashi masu ceto a banza.

6. Jira mintuna biyar na farkon awa kafin gwada 121.5 MHz, ɗaya siginar da na'urar ke aikawa.
7. Kunna, kuma kada kukanta ya wuce sau uku.
8. Auna 406 MHz yadda littafin ya tsara. Na'urar tana tura wannan siginar duk bayan kusan daƙiƙa 50, kuma tsawon kowace bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ana son ƙarfinta ya kasance 35 zuwa 39 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina).
9. Kwatanta lambar shaida mai haruffa 15 da wadda aka yi wa rajista.
10. Kashe na'urar.
11. Mayar da eriya, ka hure ƙurar hunturu daga bakin wayar.
12. Maida makunni kan ARM, wato shirin kunna kanta idan jirgi ya faɗi. Don Allah kada ka manta wannan.
13. Rubuta sakamako da tsawon lokacin da batir ya yi aiki.