Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsiro Don Masana Su Gane Shi a Intanet

Mafi yawan hotunan tsirrai da mutanenmu ke turawa iNaturalist ko Pl@ntNet, manhajojin da ake ɗora hoto don a gano sunan tsiro, iri ɗaya ne: an tsinko ganye guda, an ɗora a tafin hannu, an ɗauka da tsakar rana, sannan a rubuta "don Allah mene ne sunan wannan?" Sai hoton ya yi wata da watanni ba wanda ya tanka, mai shi kuma ya ce masanan girman kai gare su. Ba girman kai ba ne. Ganyen da aka raba da reshensa ya riga ya zubar da rabin shaidarsa, ko farfesa ne sai dai ya yi canke.

Ba zan tsaya koya maka buɗe kyamarar waya ba. Abu ɗaya dai, goge gilashinta da bakin riga kafin ka fara, musamman lokacin hunturu, don ƙura ita ke sa hoto ya fito da hazo a ɗauka laifin wayar ne. Kuma ba sai da waya mai tsada ba, ta hannunka ta isa.

Fara da ja da baya ka ɗauki tsiron gaba ɗayansa, daga gindi har sama, da ɗan abin da ke kewaye da shi. Wannan ke nuna ko bishiya ce, ko kurmi-kurmin da ke tofowa daga ƙasa irin sabara, ko mai yaɗo, ko ciyawa. Hoto ɗaya ya wadatar.

Daga nan sai reshe, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Kada ka tsinki komai tukuna. Kama reshe mai lafiya, wanda akuya ba ta taɓa ba, ka ɗauke shi yadda za a ga ganye biyar ko shida a jere da inda kowanne ya manne. Abin da masani ke fara dubawa ke nan: ganyayen suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can? Ganye ne guda, ko ƙananan ganyaye ne da yawa a kan tsinke ɗaya irin na tsamiya da tafasa? Wanda ya tsinko ƙaramin ganye ɗaya daga na tafasa ya turo, bai turo ganye ba ma, ɓangaren ganye ya turo.

Sai ka juya ganyen ka ɗauki bayansa. Wannan a wurina doka ce, ba shawara ba. Kalgo da muke kira da suna ɗaya iri biyu ne a wurin masana, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii, kuma ta fuskar ganye kusan ba ka raba su. Juya ka gani: na biyun bayansa da gashi-gashi mai launin tsatsa, na farkon kuwa sumul yake. Haka magarya da kurna. Bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne ba wannan gashin. Ganyen sabara in ka matsa kusa za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana a jikinsa. Duk waɗannan ba sa fitowa a hoton da aka ɗauka daga tsaye.

In itacen mai ƙaya ne, ƙayar ma hotonta daban, a wurin da ta fito daga reshe. Dakwara ƙayarta uku-uku ce, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe sun karkata sama. Bagaruwa biyu-biyu ce miƙaƙƙiya. Ganyensu kuwa duk ƙanana ne masu kama da juna, shi ya sa hoton ganye kaɗai a wannan dangi ɓata lokaci ne.

Matsalar ita ce waya ba ta son siririn abu. Ka saita ta a kan ƙaya, sai ta tsallake ta fito da ƙasar da ke baya tangaran, ƙayar ta zama inuwa. Maganinsa, sa tafin hannunka a bayan reshen, ka danna allon wayar a daidai wurin ka riƙe har ta kulle, sannan ka ɗauka. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, yana farfashewa. Matsa da ƙafarka, in ya so ka yanke gefe daga baya. Kada kuma ka kusanta har wayar ta kasa gani, tazarar taƙi ɗaya ta isa. Ka tsaya inuwarka ta rufe reshen gaba ɗaya, domin rabin rana rabin inuwa shi ne mafi munin haske. Ni da safe ko bayan la'asar kawai nake wannan aikin. In iska na kaɗawa, ɗauki uku ko huɗu ka zaɓi mai kyau, kuma ka buɗe ka duba tun kana wurin, ba sai ka koma gida ba. Ka ajiye wani abu na awo a gefe, rula ta fi, in babu biro ko tsinken ashana.

Fure da 'ya'ya in akwai, kai ka ci riba. Ɗauki furen ta gaba, ta gefe, da ta ƙasa inda ya haɗu da tsinkensa. In babu a sama, duba gindin bishiyar, sau da yawa busassun 'ya'yan bara na nan zube. Ciyawa kuwa, gamba ce ko kyasuwa ko ƙarangiya, in ba ta fid da kai ba bar ta sai ƙarshen damina, ba mai gane maka ita daga ganye. Ga bishiya ƙara hoton ɓawon jikinta a daidai ƙirjinka. Tsire-tsire masu rayuwa a jikin wani, irin kauci ko ƙuduji, dole a nuna wanda suka hau: ƙudujin da ke cikin dawa da gero daban yake da wanda ke kama wake.

Akwai abin da hoto ba ya ɗauka, sai ka rubuta. Murza ganye ka shinshina, yana da ƙanshi ko wari? Karya ɗan tsinke, yana fid da farin ruwa kamar nono irin na tumfafiya? In ya fitar, kiyaye idonka, ka wanke hannu. Kada ka ɗanɗana komai. Rubuta tsayinsa a kimance, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama ko fako ko kan dutse, da sunan da mutanen wurin ke kiransa, haɗe da garin da ka ji sunan, don suna ɗaya kan hau tsiro daban daga Sakkwato zuwa Damagaram. Kwanan wata ma shaida ce: gawo da damina yake kaɗe ganye ya tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa.

Kunna alamar wuri a kyamara tun kafin ka fita, ba ta cin data. Kada ka biyo da hotunan ta WhatsApp, yana matse su ya goge wuri da lokaci, sai dai in ka tura su a matsayin fayil. Ɗauki abinka a daji, ka ɗora in ka samu sabis mai ƙarfi, ya fi arha.

Wajen ɗorawa, tsiro ɗaya shigarwa ɗaya, duk hotunansa a ciki, mafi kyau a gaba. Kada ka bar gurbin suna fayau. A iNaturalist ko "tsiro" kawai ka zaɓa ya fi, ta nan masu duba tsirrai ke samunsa. Kada kuma ka karɓi sunan farko da manhaja ta ba ka don ya yi kama, takan kawo na wata nahiya. In shukawa aka yi, kamar darbejiyar ƙofar gida, sa alamar shuke ne. In a gidanka yake, ɓoye ainihin wurin, akwai maɓallinsa. A iNaturalist sunan yana tabbata idan aƙalla mutum biyu sun sa baki kuma fiye da kashi biyu cikin uku sun yarda da suna ɗaya. Ko ya tabbata, ba izinin jiƙawa a sha ba ne, zaƙami ma suna gare shi. In wani ya ce ka ƙaro hoton 'ya'ya, yi wa itacen alama ka koma idan ya yi, ka ɗora sabon hoton da kwanan watansa, ka sanar da shi.