Yadda nake kiwon albasar kwaɗi a tsakar gida

Akwai wani lungu a gidanmu na Gwale, ƙarƙashin darbejiya, da duk abin da na shuka sai ya ƙi. Albasar kwaɗi ce kaɗai ta karɓi wurin. Masana tsirrai suna kiranta Crinum, amma tamu ce, a fadama take fitowa da kanta. Da ruwan farko ya sauka sai ta harbo kara, a kansa manyan furanni farare masu jan layi a tsakiya.

Ki nemi wurin da hantsi ke taɓawa, inuwa ta rufe shi da azahar. Ranar bazarar Kano, wadda ke haura digiri 40 a Afrilu, tana babbaka ganyen. Duhu ɗungurum kuma ganye kawai za ki samu, babu fure.

A watan Mayu nake dasawa, gab da damina. Ki haƙa rami kamar santimita 30, ki cuɗa ƙasar da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ruɓar da albasar. Ki zaunar da ita ki bar wuyanta a waje, kada ki binne ta gaba ɗaya. Tsakanin ɗaya da ɗaya rabin mita. Ruwa kuwa kwana bibbiyu, har sama ta karɓe ki.

Inda nake so ki saurare ni shi ne lokacin hunturu. Ganyen zai yi rawaya, ya kwanta, ya bushe ƙamas. Shekarata ta farko na ɗauka ta mutu, na sa fartanya na tono ta, sai ga albasa jawur da ranta, saiwoyi farare masu kauri duk na datse su. Na mayar da ita, amma sai da damina biyu ta wuce kafin ta sake yin fure. Barci take yi. Ki rage ruwa, ki rufe gindin da busasshen ganye, ki kafa ɗan kara don kada a taka wurin, ki ƙyale ta.

A Agusta ki riƙa duba ganyen da safe. Akwai baƙar tsutsa mai ɗigon rawaya da ke huda shi har ta gangara cikin albasar. Da hannu nake tsince su.

Albasar tana da guba. Kada ki ajiye ta kusa da kayan miya, yara da awaki kuma a nesanta su da ita. Ni da kara na kewaye tawa.