Ga masu aikin sa kai a taron ƙagaggun labaran tarihi na Jidda

'Yan'uwa, duk wanda aka ɗora wa kula da allo ko rubuta taƙaitaccen bayani, ya tanadi takardar daidaita shekaru tun daga gida. Marubutan nan da Hijiriyya suke ambaton shekara, baƙi kuwa Miladiyya suka sani. Faɗuwar Khartum a hannun Mahadi a 1885 ita ce 1302. Yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a 1903, ya faɗa 1321. A rubuta duka biyun, don wallahi kuskuren shekara ɗaya kan cinye lokacin tambayoyi kaf, dattawanmu ba sa yafe shi.

A gwada makirufo kafin baƙi su shigo. Mai gabatarwa kuma a raɗa masa lokacin Magariba, ya rufe zama kafin kiran salla.